Hurumin Hanya da Haƙƙin Maƙwabci: Tarihin Tsarin Gari daga Kano zuwa Farin Dutse

Gabatarwa



Na san ba za a rasa mai cewa ba, me ya haɗa malamin Hausa da tsarin gari, alhali ga masana safiyo da injiniyoyi zaune a gabansa? Amsata ita ce, kalma guda ce ta jawo ni cikin wannan fage, watau kalmar "hurumi". Asalinta Larabci ne, amma ta daɗe da zama 'yar gida. Ma'anarta ta farko ita ce filin da aka keɓe wa jama'a, wanda ba a yarda kowa ya gine shi ko ya nome shi don kansa ba, kamar makiyayar bayan gari, da maƙabarta, da filin Idi. Ma'ana ta biyu kuwa ita ce iko, kamar yadda mukan ji an ce kotu kaza ba ta da hurumin sauraron ƙara kaza. To, maganata ta yau tana tsakanin waɗannan ma'anoni biyu ne: wane ne ke da hurumin taɓa hurumi?

Bari in kawo misali. A ce wani attajiri ya sayi gida a bakin titi a Birnin Kudu, ko a Gwaram, ko a Farin Dutse, yana so ya rushe shi ya gina jerin kantuna. Izini biyu yake bukata. Na farko, a sauya manufar filin daga wurin zama zuwa wurin ciniki. Na biyu, da yake filin ba shi da zurfi, yana so a sassauta masa tazarar da doka ta ce a bari tsakanin gini da hanya, don ya ɗan matso gaba. Wa zai ba shi wannan izini? A gaban wa? In kuma daga baya aka ga an yi kuskure, wa zai biya? Zan bi tarihin waɗannan tambayoyi a Kano, gama a can ne abin ya fi tsufa, ya kuma fi tsada, sa'an nan in dawo da darasin gida.

Hurumi kafin zuwan Turawa

Akwai masu zaton cewa Bature ne ya koya mana barin tazara tsakanin gini da hanya. Tarihin Kano bai goyi bayan wannan zato ba. An fara ginin ganuwar birnin tun zamanin Sarki Gijimasu, wajen ƙarni na 12, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta. Da Heinrich Barth ya shiga Kano a shekarar 1851, ya tarar ganuwar ta kewaye fili mai yawa wanda ba a gine ba. Da gangan aka bar shi, don in abokan gaba suka yi wa birni ƙawanya a sami wurin noma da kiwo. Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya kafa kasuwar Kurmi, inda kowace haja ke da nata layi a ƙarƙashin kulawar Sarkin Kasuwa. Sunayen wurare irin su Soron Ɗinki da Dukawa da marinar Ƙofar Mata suna nuna mana cewa sana'o'i ma sun san inda suka dace su zauna.

Dokar da ke bayan wannan tsari kuwa fiƙihun Malikiyya ne haɗe da al'ada. Ginshiƙinta shi ne ƙa'idar nan da ta hana cuta da cutarwa, daga gare ta kuma malamai suka fitar da hukunce-hukunce filla-filla. In an yi jayayya a kan faɗin hanya, zira'i bakwai ne ma'auni, yadda dabba mai kaya za ta wuce. Ƙofar gida ta mai gida ce wajen amfani: ya zauna, ya ɗaure dokinsa, ya kasa 'yar hajarsa, amma ba shi da ikon katange ta ya haɗa da gidansa. Ba a buɗe taga mai leƙa tsakar gidan maƙwabci. Ba a sa indararo ya zuba wa bangon wani. Mai son kafa maƙera ko majema ko gidan burodi a tsakiyar gidajen mutane, maƙwabta na da ikon hana shi saboda hayaƙi da wari da ƙara, sai fa in su suka zo suka tarar da shi.

Wani magini na birnin Tunis, Ibn al-Rami, ya tattara irin waɗannan hukunce-hukunce a littafi tun ƙarni na 14. A nan ƙasarmu, Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta Ta'alimur Radi a kan yadda ake mallakar ƙasar da ba ta da mai ita, Alƙalin Gwandu Idirisu ɗan Halidu kuma ya yi wa alƙalai littafi wanda ya ƙunshi shari'o'in katanga da hanya da magudanar ruwa.

Abin da nake so ku riƙe a nan shi ne yadda ake yanke hukuncin. Wanda zai matso da bangonsa, idon unguwa na kansa tun daga tubali na farko. Maƙwabci ya kai kuka ga mai unguwa. In ta faskara a je gaban alƙali. Alƙali ya aiki gwanin magini ya dubo, a kira shaidu. Ba na cewa zamanin ba shi da zalunci. Mai sarauta ya kan ci iyakar talaka, bawa kuma ba shi da bakin magana. Amma dai ƙa'idar a fili take: haƙƙin na maƙwabci ne da mai wucewa, kuma a gabansu ake tattauna shi.

Yadi 440

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu 1903. A shekarar 1908 aka kafa kwamiti a Landan don duba sha'anin ƙasa a Arewa, zamanin Gwamna Percy Girouard. Daga rahotonsa aka yi dokar 1910, wadda ta sa ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna, wai yana riƙe da ita amana don amfanin 'yan ƙasa. A cikin birni da ƙauyuka sarakuna da hakimai da dagatai suka ci gaba da rabon fili a ƙarƙashin En'e. Amma baƙo, ko kamfanin Turawa, sai ya karɓi takardar izinin zama daga Gwamna, wadda ke faɗin shekarun da aka ba shi, da kuɗin da zai riƙa biya, da abin da zai yi da filin. Nan ne asalin abin da muke kira manufar fili: an rubuta a takarda cewa wannan na zama ne, wancan na ciniki.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, aka yanka wa kamfanoni fulotai kusa da tasha. Aka kafa Sabon Gari wajen 1913 don ma'aikata da 'yan kasuwa daga Kudu. Kwarori, watau mutanen Siriya da Labanan, suka sami tasu unguwa a gefen Fagge, inda suke kwana a sama ko a baya, suna ciniki a gaba. Wannan wuri shi ne Kantin Kwari, wanda a hankali gidajen zaman suka ƙare, ya koma kasuwar tufafi zalla. Ke nan sauya manufar fili tsohon al'amari ne a Kano.

A 1917 Gwamna Lugga ya yi Dokar Garuruwa, wadda ta kasa garuruwa aji uku. Ikko kaɗai ce a aji na ɗaya. Kano da Zariya da Kaduna suna aji na biyu. A wannan tsari ne aka tsananta cewa a bar tazarar yadi 440, watau rubu'in mil, tsakanin unguwar Turawa da gidan duk wani baƙar fata, ba gini a ciki. Hujjarsu ita ce, tun da Ronald Ross ya tabbatar a 1897 cewa sauro ke ɗaukar zazzaɓi, likitocinsu suka ɗauka sauro ba ya tafiyar da ta wuce haka, kuma yaran 'yan ƙasa ne matattarar cutar. Abin dariya, kuku da boyi suna kwana a bayan gidan Baturen. A garuruwa da yawa wannan fili ya zama wurin wasan Turawa.

Ku lura da abin da ya canja. Hurumin da muka gada yana kare maƙwabci daga maƙwabcinsa. Hurumin Lugga kuwa yana kare mai mulki daga wanda ake mulka, kuma ba wanda ya shawarci mutumin Fagge kafin a shata shi. Daga nan talaka ya fara ɗaukar dokar gini a matsayin kayan hukuma, abin da ake kauce wa in an sami dama, ko a saya in an sami kuɗi.

Yana da kyau mu duba abin da ke faruwa a wata duniyar a daidai wannan lokaci. A birnin New York na Amurka, wani bene mai hawa kusan 40 da aka gama a 1915 ya miƙe tun daga bakin titi, ya tare wa maƙwabtansa rana da iska. A 1916 birnin ya yi dokar da ta raba unguwanni bisa manufa, ta kuma tilasta wa dogon gini ya riƙa ja da baya yayin da yake hawa. Tare da dokar aka kafa hukumar ɗaukaka ƙara, inda mai neman sassauci zai kawo hujjarsa a zaman da kowa ke iya halarta. A 1926 Kotun Ƙoli ta Amurka ta tabbatar da halaccin irin wannan doka a shari'ar garin Euclid. Su sun ɗauki dokar tare da zauren sauraronta. Mu an kawo mana dokar, an baro zauren.

Daga taswira zuwa sa hannun gwamna

A 1946 aka yi Dokar Tsarin Gari da Karkara ta Nijeriya, wadda aka kwaikwayo daga dokar Ingila ta 1932. Ita ta ba da ikon ayyana wuri a matsayin yankin tsarawa, a kafa masa hukuma. Ingila ta sake tata dokar a 1947, amma tamu ta zauna shekara 46 tana aiki. Bayan mulkin kai, Gwamnatin Jihar Arewa ta yi Dokar Mallakar Ƙasa ta 1962, wadda ta gaji ta 1910, sai dai Minista ya maye gurbin Gwamna. A wannan shekara aka kafa hukumar tsara Kano da kewayenta, aka ɗauko masani B. W. Trevallion ya zana taswirar shekara 20, daga 1963 zuwa 1983, wadda ta nuna inda gidaje da masana'antu da hanyoyi da filayen shan iska za su kasance.

Taswirar ba ta da laifi a kan takarda, sai dai gari ya fi ta sauri. A ƙidayar 1952 mutanen Kano kimanin 130,000 ne; a ta 2006 ƙananan hukumomi takwas na birnin da kewaye sun haura miliyan biyu da rabi. Hukumar ta yi ta sauya suna: Hukumar Raya Birane a 1976, KASEPPA a 1990, daga baya KNUPDA. Fulotan da take yankawa ba su taɓa isar masu bukata ba. Saboda haka manomi na gefen gari ya kira dillali, aka auna gona da igiya aka sayar. Daga nan muka sami kalmar "awon igiya", watau unguwar da ba a bar mata hanyar kirki ko lambatu ko filin makaranta ba, gama kowane taku kuɗi ne.

Ran 29 ga Maris 1978 gwamnatin Janar Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, aka kuma cusa ta cikin tsarin mulki na 1979 da na 1999, yadda gyara ta ke da wuya. Ga abin da ya shafe mu a cikinta. Ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna bisa amana. Duk wurin da ya ayyana a matsayin birni, shi ke ba da fili a cikinsa, da shawarar kwamitin da shi ya naɗa. Wurin da ba birni ba, ƙaramar hukuma ke ba da izinin zama na gargajiya. Ba a sayar da fili mai takardar gwamna ko a jinginar da shi sai da yardarsa. Sashe na 28 ya ba shi ikon soke takarda saboda maslahar jama'a, sashe na 29 kuma ya yi tanadin diyya a kan abin da aka gina ko aka shuka.

Doka mai lamba 88 ta 1992 ta yi ƙoƙarin gyara. Ta tsara hukumomi hawa uku, na tarayya da na jiha da na ƙaramar hukuma; ta ce a baje daftarin taswira jama'a su kawo ƙorafi; ta kafa kotun musamman ta ɗaukaka ƙara. Amma a 2003, a ƙarar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, Kotun Ƙoli ta yanke cewa tsarin gari hurumin jihohi ne. Saboda haka nauyin ya koma kan majalisar kowace jiha, kuma tun daga lokacin abin da jiha ba ta rubuta wa kanta ba, ba wanda zai rubuta mata.

In muka tattara wannan tarihi za mu ga abu guda. Ikon da a dā yake warwatse tsakanin maƙwabta da mai unguwa da alƙali da magini ya taru a alƙalami ɗaya. Alƙalamin da ya ba da fili shi ke sauya manufarsa, shi ke sassauta tazara, shi kuma ke sokewa. Mai riƙe da shi kuwa yana iya sauyawa bayan shekara huɗu ko takwas.

Filin Idi, 2023

Abin da wannan ke haifarwa mun gan shi da idonmu. A zamanin Gwamna Abdullahi Umar Ganduje (2015-2023) an ba da filayen gwamnati da dama a Kano don gina wuraren kasuwanci. Daga ciki akwai kewayen Masallacin Idi na Ƙofar Mata, da harabar tsohon otal ɗin Daula, da wani yanki na filin sukuwa, da wurare a jikin badala, wadda tun 2007 take cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa UNESCO don neman a sa su cikin kayan tarihin duniya. Gwamnatin ta ce tana raya filayen da ke zaune banza ne, tana kuma samar da kuɗin shiga da wurin sana'a. Masu suka suka ce ana sayar da gadon jama'a. Ba a sami zauren da aka baje waɗannan hujjoji biyu aka auna su a gaban mutanen gari ba, sai gidajen rediyo da dandalin siyasa.

Ana cikin haka, a watan Agusta 2022, ruwan sama ya mamaye Kantin Kwari ya lalata dukiya mai yawa, aka kuma ɗora laifin a kan gine-ginen da suka toshe hanyar ruwa. A ƙarshen wannan wata wani bene da ake ginawa a titin Beirut ya rufta a kan mutane.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka rantsar da Gwamna Abba Kabir Yusuf, wanda tun kafin ya hau ya gargaɗi masu gini a filayen gwamnati. A farkon watan Yuni motocin rusau suka fita, aka rushe gine-ginen filin sukuwa da na Daula da kantunan Filin Idi. Masu kantunan Idi suka garzaya Babbar Kotun Tarayya, suna cewa da takardunsu suka gina. A watan Satumba kotun ta yanke cewa an keta musu haƙƙi, ta umarci gwamnatin jiha ta biya Naira biliyan 30. A watan Disamba ɓangarorin biyu suka sasanta a kan Naira biliyan 3.

Ba aikina ba ne a wannan mumbari in ce gwamna kaza ne mai gaskiya. Aikina in nuna muku lissafin. Ɗan kasuwa ya yi asarar gininsa da hajarsa. Baitulmalin jiha, watau harajin malamin makaranta da mai tura baro, shi ya ɗauki diyya. Mai son zuba jari ya koyi cewa takardar gwamnati na iya mutuwa tare da wa'adin wanda ya sa mata hannu. An bayar ba a tambayi jama'a ba, an rushe ba a saurari masu gini ba, kuma cuta ɗaya ce ta yi aiki sau biyu. Da an yi zaman sauraro na wata guda kafin a aza tubali, ko dai a hana tun farko, ko kuwa a bayar da izinin da gwamnati mai zuwa za ta ji nauyin taɓawa.

Ni ma na ɗanɗana irin wannan a ƙaramin mataki. A unguwar da na taso, magada suka sayar da gidan da ke bakin layinmu, mai saye ya yi kantuna shida, ya ɗora barandarsu a kan lambatu. Damina ta farko ruwa ya shigo mana zaure har gwiwa. Da dattawan layi suka je ofishin da abin ya shafa, aka nuna musu fayil, aka ce an riga an sa hannu. Shekaru bayan haka, ina karatu a Ingila, na ga takarda ɗaure a jikin turken fitila, tana sanar da cewa wani na son mayar da gidansa shago, duk mai magana yana da kwana 21. Na tsaya ina karanta ta, sai na tuna da zaurenmu. Abin da takardar nan ke yi, ai shi mai unguwa ke yi a dā da bakinsa.

Darasi ga Birnin Kudu da Gwaram da Farin Dutse

Yanzu mu dawo gida. Birnin Kudu da Gwaram gundumomi ne na Masarautar Kano a zamanin Lardi, suka kasance cikin Jihar Kano daga 1967, har ran 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. A ƙidayar 2006 ƙaramar hukumar Birnin Kudu na da mutum fiye da 300,000, ta Gwaram kimanin 270,000, Farin Dutse kuwa ɗaya ce daga mazaɓunta. Duk dokokin da na lissafa sun hau kan waɗannan wurare, kuma duk abin da ya jawo matsi a Kano yana nan tafe. Babbar hanyar da ta taso daga Kano ta Wudil ta ratsa Birnin Kudu. Ga Cibiyar Lafiya ta Tarayya, ga tsohuwar Kwalejin Gwamnati. Duk inda asibiti da makaranta suke kuwa, kantin magani da mai abinci da gidan mai za su biyo. Ga kuma duwatsun Habuɗe da Mesa masu zanen mutanen dā, waɗanda Bernard Fagg ya bayyana wa duniya a tsakiyar shekarun 1950, su ma suna bukatar nasu hurumi daga masu gini da masu fasa dutse.

Bambancinmu da Kano shi ne har yanzu akwai sarari, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ga shawarwari biyar ga ma'aikatan da ke zaune a nan, da ɗaliban da za su gaje su.

Na farko, a shata hurumi tun kafin a yi rigima a kansa, a kafa masa duwatsun shaida. Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya na ƙidaya mita 45.72, watau ƙafa 150, daga tsakiyar babbar hanyarta zuwa kowane gefe. Ƙarƙashin babbar wayar lantarki mai ƙarfin kilobolt 330 ana barin mita 25 kowane gefe, mai 132 kuma mita 15. Mutum nawa ne a Gwaram suka san waɗannan alƙaluma? A rubuta su da Hausa, da boko da ajami, a kafe a sakatariya da ƙofar hakimi.

Na biyu, duk mai neman sauya manufar fili ko sassaucin tazara, a kafa sanarwa a jikin filin, a aika wa mai unguwa da dagaci, a yi shela ranar kasuwa, a ba da wa'adi sananne.

Na uku, a yi zama a fili, a rubuta abin da kowa ya faɗa, har da matan da ke cikin gidajen da bene zai leƙa, waɗanda sau da yawa su abin ya fi shafa, su kuma ake mantawa. In an yanke hukunci a rubuta dalili, a ajiye kwafi inda kowa zai iya gani. Ma'aikaci na gari ma wannan kariya ce gare shi, gama in babban mutum ya bugo waya, yana da abin nunawa.

Na huɗu, a bambanta larura da kwaɗayi. Wanda faɗaɗa titi ya cinye rabin filinsa yana da hujjar neman sassauci. Wanda ke son kanti takwas a wurin da zai ɗauki biyar ba shi da ita. In an ba da sassauci a haɗa shi da sharaɗi: ya gina lambatu, ya bar wurin sauke kaya, kada taga ta leƙa gidan kowa.

Na biyar, akwai hurumin da bai kamata a sassauta wa kowa ba: hanyar ruwa, da maƙabarta, da filin Idi, da filin makaranta, da burtalin shanu, da wuraren tarihi. Ambaliyar da ta auka wa Jigawa a 2022 ta isa ta tuna mana cewa ruwa ba ya karanta takardar izini. Tsarin mulki na 1999 ya ba ƙananan hukumomi kula da kasuwanni da tashoshin mota da maƙabartu, saboda haka ba sai sun jira Dutse ba kafin su fara lissafa nasu su killace.

Kada a fahimce ni da cewa ina ƙin kasuwanci. Kano ba ta zama Kano ba sai da ciniki, kuma saurayin da ya sami shago a bakin titin Birnin Kudu ya huta da tafiya ci-rani. Gari mai rai dole ya sauya, gidan jiya ya zama kantin yau. Ɗan kasuwan ma shi ya fi kowa cin ribar tsari bayyananne, domin izinin da aka ba shi a gaban shaidu ya fi wanda aka ba shi a ɗaki ƙarko.

Kammalawa

Shugaba, na fara da tambaya: wa ke da hurumin taɓa hurumi? Tarihin da muka bi ya ba da amsa uku. Kafin 1903, maƙwabci da mai unguwa da alƙali. Daga 1910, Gwamna da Razdan da En'e. Daga 1978, gwamnan jiha da ma'aikatansa. Ba mai iya mayar da mu zamanin Rumfa, ba kuma wanda ke bukatar haka; gari mai motoci da wayoyin lantarki sai da safiyo da injiniya da doka rubutacciya. Abin da ya ɓace a hanya, wanda kuma za a iya dawo da shi ba tare da kashe ko kwabo ba, shi ne muryar mutumin da ruwan zai shiga zaurensa. Kano ta biya biliyoyi kafin ta gane darajar wannan murya. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ɗalibai, wasunku za su zauna a teburin da fayil irin wannan zai iso. Kafin ku sa hannu, ku tashi ku je ku ga filin, ku yi sallama a gidan da ke bayansa, ku tambayi mai gidan ko ya sani.